Yashi da Haƙuri: Waiwaye Kan Zaman Baƙunci da Neman Ruwan Sha

Duk wanda ya taɓa durƙusawa gaban malami a zaure, ya buɗe Ishmawi ko Risala, ya san cewa tun kafin a kai shi ga hukunce-hukuncen salla sai an tsayar da shi a kan ruwa, an karantar da shi siffofinsa uku, watau launi da ɗanɗano da ƙamshi, an kuma rarrabe masa tsakanin ruwan da ya halatta a yi ibada da shi, da wanda ba ya wuce al'ada kamar girki da wanki, da wanda najasa ta jirkita shi har bai dace da ko ɗaya ba. A nan ne aka sanar da mu cewa ruwan da ya sake kama saboda ƙasar da yake kwance a kanta, ko saboda gansakukar da ta tsiro daga gare shi, yana nan a kan tsarkinsa. Wannan kuwa rahama ce da rangwame daga shari'a, domin da an ɗora wa mutanen karkara sharaɗin ruwa garau kafin alwala, da ibada ta yi musu tsanani. Abin da littafin fiƙihu bai ɗauki nauyin bayaninsa ba, da yake ba fagensa ba ne, shi ne cewa ruwa yana iya cika sharuɗɗan tsarki duka, ya yi fari tas a cikin moɗa, alhali kuwa yana ɗauke da abin da zai kwantar da gida guda. Wannan babi na biyu a ƙasar Sikotlan na karanta shi, cikin shekarun da na yi ina baƙunci a can, ina kuma shirya yadda za a kafa matatar ruwa ta yashi a gidanmu.

A zamanin ƙuruciyata, cikin shekarun 1980, garinmu yana shan ruwa daga wuri biyu: rijiyoyi masu zurfi waɗanda ke janyewa da bazara har mata su kwana a bakinsu suna jiran ruwa ya taru, da kuma wani babban tafki a yammacin gari, wanda damina ke cikawa, mutane da dabbobi su yi tarayya a kansa har ya ƙafe. Daga tafkin nan ake cika randuna, a jefa ɗan alif a juya, laka ta kwanta, a sha a gode wa Allah. Daga gare shi kuma kurkunu ke fitowa, ko da yake a wancan lokaci kaɗan ne suka yarda da haka, saboda tsakanin shan ruwan da ɓullar ciwon akwai kusan shekara guda, mutum kuwa ba ya cika danganta cutar bana da ruwan bara. Na ga ƙarfafan magidanta kwance a zaure daidai lokacin noman fari, ƙafa a kumbure, an ɗaure bakin farar tsutsar a jikin ɗan tsinke ana naɗe ta kaɗan kaɗan kowace safiya, don in aka yi garaje ta tsinke sai ciwon ya ƙara muni, gona kuwa tana can ciyawa na cinye ta. Ana ce da abin ƙaddara, kuma lalle ƙaddara ce, amma ƙaddarar da Allah ya sanya mata sababi, ya kuma sanya yanke sababin a hannun bayinsa.

Da Allah ya nufe ni da zuwa birnin Gilasgo na Sikotlan neman ilmi, na sami masauki a wani ɗaki can saman ɗaya daga cikin tsofaffin benayen nan nasu na jan dutse, abin da ya fara rikita ni shi ne lissafin lokaci. A watan Disamba rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe tara saura, kafin ƙarfe huɗu na yamma kuma ta faɗi, har azahar da la'asar da magariba su taru cikin 'yan sa'o'i, mutum ya sallame wannan ya tarar waccan ta kawo jiki. A watan Yuni kuwa sai al'amari ya juye, rana ta kai ƙarfe goma na dare ba ta faɗi ba, azumi ya doshi sa'a 19, shafaƙi ya ƙi ɓacewa har malamai su koma ga ƙiyasi don tsayar da lokacin lisha. Ran Juma'a mukan taru a babban masallacin da ke kusa da kogin Clyde, wanda aka buɗe a 1984, mu yi sahu da Pakistanawa da Larabawa da Somaliyawa, daga nan mu biya ta wurin mahauci mai yankan halal, da kantin kayan Afirka inda ake samun kuɓewa da manja da ɗan karen tsada. Kuka da daddawa kuwa sai in wani ya zo daga gida ya gutsura mana, mu yi ta tattalinsu. Ruwan sama a can ba shi da damina ba shi da rani, yakan yi ta yayyafi kwana da kwanaki ba tsawa ba walƙiya, mutanen garin kuma suna ƙorafi da shi, ni kuwa ina tuna manoman da ke fita roƙon ruwa.

To, amma cikin dukan abubuwan da na gani a wannan baƙunci, babu wanda ya tsaya mini a rai kamar famfon ɗakin girki, wanda in ka murɗa shi, da asuba ne ko da tsakar dare, ruwa mai sanyi zai zubo, ka tara kofi ka sha, ka ba jariri, ba alif ba tafasawa, ba kuma wanda zai tambaye ka daga ina ya fito. Ni na tambaya, amsar kuwa ta zama ibra a gare ni. Ashe mutanen wannan birni sun taɓa shan ruwan kogin Clyde da dukan ƙazantar da ke kwarara cikinsa, kwalara kuma ta yi musu ta'adi a 1832, ta dawo a 1848, ta sake dawowa bayan 'yan shekaru, kowane zuwa ta kwashi dubbai. Sai shugabannin gari suka ƙudurta janyo ruwa daga wani tafki mai tsabta da ke cikin duwatsun arewa, Loch Katrine, injiniya John Bateman ya huda duwatsu ya shimfiɗa magudana mai tsawon mil 26, wadda ke gangarowa inci 10 kacal cikin kowane mil, har ruwa ya taho da ƙafarsa ba injin turawa. Sarauniya Victoria ta buɗe aikin a 1859. Da annobar ta sake zagayowa a 1866, waɗanda ta kashe a birnin ba su taka kara sun karya ba idan aka gwada da na da. A lambun Kelvingrove akwai wani gini mai feshin ruwa da aka yi don tunawa da Robert Stewart, magajin garin da ya tsaya kai da fata sai da aka yi wannan aiki. Na sha zama kusa da shi ina tunanin cewa al'ummar da ta san darajar wanda ya shayar da ita ba za ta rasa mai shayar da ita ba.

Sai dai Loch Katrine baiwa ce da Allah ya keɓe su da ita, mu kuwa ba mu da tafki a kan dutse, don haka abin da ya fi jan hankalina shi ne labarin wani gari da ke maƙwabtaka da Gilasgo, watau Paisley, inda a 1804 wani mai masana'antar wanke yadi, John Gibb, ya gina matata ta yashi da tsakuwa don amfanin sana'arsa, ya riƙa sayar wa jama'a rarar ruwan. A 1829 James Simpson ya gina wa wani kamfanin ruwa na Landan irinta babba, ruwan kogin Thames yana bi ta cikin yashi sannu a hankali, a 1852 kuma doka ta wajabta tace ruwan kogi kafin a raba shi ga mutanen birnin. Abin i'itibari a nan shi ne, duk waɗannan mutane sun yi aikinsu ne don kawar da laka da dauɗar da ido ke gani, tun kafin masana su tabbatar da cewa waɗansu halittu da ba a gani sai da madubin likita su ne asalin cutar. Hujja yankakkiya ta zo a 1892 a ƙasar Jamus, sa'ad da kwalara ta kashe fiye da mutum 8,000 a Hamburg, birnin da ke shan ruwan kogin Elbe ba tacewa, alhali Altona, wadda ke manne da shi, tana kuma ɗibar ruwanta daga ƙasan inda ƙazantar Hamburg ke zuba, ta tsira da ɗan abin da ba a rasa ba, ba don kome ba sai don ruwanta yana bi ta cikin yashi.

Tun da na karanta wannan, tunanina ya koma kan yadda za a ƙanƙantar da irin wannan matata har ta shiga tsakar gida, sai na tarar wani malamin jami'ar Calgary ta ƙasar Kanada, David Manz, ya riga ya warware wannan mas'ala a farkon shekarun 1990. Ga yadda siffarta take. Ana samun mazubi na siminti ko na roba, tsayinsa kusan mita guda, a shimfiɗa manyan tsakuwa a gindi kamar santimita 5, a bi su da ƙanana kamar haka, sa'an nan a zuba lallausan yashi da ya ɗan haura rabin mita. Bututun fitar ruwa yana tasowa daga gindi ya hau sama, a daidaita bakinsa yadda ko an daina zuba ruwa za a bar kimanin santimita 5 kwance a kan yashin, kada ya bushe. A sama kuma ana ɗora faranti mai ƙananan huji, don ruwan da aka kwara ya sauka yayyafi-yayyafi, kada ya tone fuskar yashin. Sirrin abin duka yana cikin wannan fuska, domin a kanta ne waɗansu ƙananan halittu ke taruwa su yi shimfiɗa mai rai, su riƙa cinye ƙwayoyin cutar da ruwa ya kawo, waɗanda suka kuɓuta kuma su maƙale a tsakanin yashi, su mutu can ƙasa inda ba haske ba abinci. Shimfiɗar nan takan ɗauki kusan kwana 30 kafin ta nuna, kuma tana bukatar kulawa irin wadda Bafulatana ke yi wa ɗan nonon da take bari a ƙwarya don ya kama sabuwar madara: in aka bar ta ta bushe ta mutu, in aka zuba mata tafasasshen ruwa ko sinadarin kulorin ta mutu, in aka yi kwana biyu ba a ba ta ruwa ba ta raunana.

Karatu dabam, jarrabawa dabam, saboda haka na sayi doguwar roba da tiyo, na kuma sayi yashi a buhu daga kantin kayan gini, na hau da shi bene a kafaɗa, na mai da kusurwar ɗakin girki wurin gwaji. Wankin yashi shi ne aikin da ya fi cin lokaci, shi ne kuma ya fi koya mini. Za ka tankaɗe shi da rariya mai ƙananan ido, ka zuba kaɗan a bokiti, ka cuɗa da hannu, ka tsiyaye jan ruwan, ka sake. Sa'an nan ka ɗebi ɗan kaɗan a kwalba mai haske, ka ƙara ruwa ka girgiza ka ajiye, ka ƙirga uku zuwa huɗu. In ba ka iya hango saman yashin ta cikin ruwan ba, wanki bai isa ba, matata za ta toshe. In kuwa ruwan ya washe nan take kamar ba a girgiza ba, wanki ya yi yawa, ruwa zai zarce da gudu bai bar dattinsa ba. Ma'aunin da masana suka ajiye shi ne kada lita guda ta fito cikin ƙasa da minti biyu da rabi. Ruwan gwaji daga kogin Kelvin nake ɗebo shi a jarka, da yamma bayan an tashi daga karatu, hannu na ƙanƙarewa don sanyi. Lakarsa takan tsaya a yashi, ruwa ya fito garau, amma wani ɗan ja-ja da yake samowa daga ruɓaɓɓen tsiron ƙasar tudu bai taɓa fita duka ba, domin abin da ya narke a ruwa yashi ba ya riƙe shi. Haka gishiri, haka kanwa, haka dalma.

Daren hunturu masu tsawo sun tafi a kan takarda mai layi biyu, a ɗaya ina rubuta abin da na yi amfani da shi a Gilasgo, a ɗayan kuma abin da zai tsaya a madadinsa a kasuwar garinmu, domin matatar da sai an aiko mata da kaya daga Turai ba ta da amfani ga talaka. Mazubi birkila zai zuba shi da siminti, ko a yanka shuɗiyar ganga ta roba. Faranti kuwa tsohuwar tasa ce a huda ta da ƙusa. Tiyo da rariya ba sa wuya ko a kasuwar ƙauye. Yashin da ya fi kyau shi ne na dutsen da aka fasa, na rafi kuwa, da yake mutane da dabbobi suna bi ta kansa, sai an tsananta wankinsa an shanya shi a rana. Ruwan tafki mai kauri kuma dole a fara kwantar da shi kafin a zuba, ko da alif, ko da dakakkiyar ƙwayar zogale, hikimar da matan ƙauyukan bakin kogin Nilu a Sudan suka daɗe da ita, har wata mai bincike, Samia Al Azharia Jahn, ta koya daga gare su ta bayyana wa duniya; ga shi kuwa zogale a bayan kowane danga a ƙasarmu.

Cikon tsarin daga gida ya zo. Wata rana na kira yayata ta waya, wadda ita ce ke riƙe da sha'anin ruwa da girki a gidanmu, na zayyana mata kome daki-daki, ta saurara har na kai aya, sa'an nan ta ce: "To, ƙanena, na ji, Allah ya yi albarka. Amma in an tace ruwan aka juye shi a randar da kowane yaro ke tsoma moɗa har da hannunsa, me aka yi ke nan? Kuma ranar da na tafi biki, wa zai ba abar nan taka ruwa?" Na ce, "Yaya, faɗa mini yadda kike ganin za a yi." Ita ce ta kawo shawarar a keɓe jarka mai murfi da ƙaramin baki wadda hannu ba ya shiga, a riƙa tsiyayowa daga gare ta, a kuma koya wa 'yan mata biyu na gidan yadda ake zuba ruwa safe da yamma, da yadda ake motsa saman yashi da tafin hannu a kwashe gurɓataccen ruwan in gudu ya ragu. Abin da ta gano daga tsakar gida shi ne ainihin abin da masana suka rubuta, cewa sau da yawa a mazubin ajiya ruwa yake sake ɓaci bayan ya fito da tsabta. Da na koma gida aka kafa matatar a gindin rumfar girki, kuma tsarin Yaya ne ya raya ta har yau.

Idan na waiwaya yanzu, sai in ga sauyin da aka samu ba kaɗan ba ne, kuma wajibi ne a yi shukura a kansa. A ƙidayar da aka yi a ƙarshen shekarun 1980, Nijeriya tana da masu kurkunu fiye da 650,000, babu ƙasar da ta kai ta a duniya. Cibiyar tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ta haɗa hannu da hukuma, Janar Yakubu Gowon ya yi ta zaga ƙauyuka yana jan hankalin sarakuna da gwamnoni, aka ga mutum na ƙarshe mai ciwon a 2008, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa Nijeriya da Nijar sun rabu da shi. Cutar nan ba ta da allura ba ta da ƙwaya. Babban makamin da aka yaƙe ta da shi ƙyalle ne da ake ɗaurawa a bakin tulu, yana tare ƙananan ƙwarin ruwa masu ɗauke da 'ya'yan tsutsar, tare da hana mai ciwon tsoma ƙafa a tafki. Yaran garinmu na yau ba su san kurkunu ba sai a labari. Rijiyoyin burtsatse sun yawaita, waɗansu har da hasken rana suke aiki, ɗan garuwa ya ajiye sanda da garwa ya kama kura da jarkoki, ruwan leda ya shiga kowane lungu. Duk da haka amai da gudawa bai daina bin damina ba: a 2021 kaɗai an yi zaton fiye da mutum 100,000 sun kamu da kwalara a Nijeriya, fiye da 3,000 suka riga mu gidan gaskiya, akasarinsu a jihohin arewa.

Haƙiƙa matatar yashi ba ta gama kome. Tana tare tsutsotsi da ƙwansu kusan duka, tana rage ƙwayoyin cuta ragi mai yawa, amma mafi ƙanƙantarsu sukan tsere, don haka ruwan jariri da na majinyaci, da na kowa a lokacin annoba, sai an tafasa shi ko an ɗiga masa kulorin bayan tacewa. Ba ta kuma sauke wa hukuma nauyin da ke kanta ba, domin shayar da jama'a amana ce a wuyan shugabanni, kamar yadda aka gane a Kano tun farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, sa'ad da aka gina gidan ruwa na Challawa. Amma abin da baƙunci ya tabbatar mini shi ne, ruwan da nake sha a famfon Gilasgo ba sihiri ba ne, ba kuma gadon wata al'umma ba ne. Mutanen da kwalara ta taɓa yi wa kisan kiyashi ne suka nemi sababi, suka yi haƙuri da aikin da ke tafiya a hankali, suka riƙe amanarsa zuriya bayan zuriya.

Saboda haka ina kira ga malamanmu, waɗanda jama'a ke jin maganarsu fiye da ta kowa, da cewa in sun karantar da babin ruwan tsarki su ƙara da bayanin ruwan sha, tun da kiyaye rai yana cikin manyan manufofin shari'a. Ina kira ga 'yan'uwanmu da ke baƙunci a ƙasashen waje, kada tsarabarsu ta tsaya ga tufafi da wayoyi, su tambayi yadda mutanen can suka gyara zamansu, su ɗauko abin da za a iya yi da kayan kasuwarmu. Mai hali kuma da ke neman sadaka mai gudana, ga ƙofa a buɗe: buhun siminti, da yashi, da ladan birkila, da koya wa matan gida yadda za su kula da ita. Kada magidanci ya zauna jiran ranar da famfo zai iso ƙofarsa alhali 'ya'yansa suna shan abin da ke cutar da su. Ya tace, ya tafasa, ya rufe mazubi, sa'an nan ya yi tawakkali. Allah ya ba mu ikon yi, amin.